Ranar Da Akta Bai Dawo Ba

Wata Litinin ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Jikwoyi, shekarar da iska ta yaye kwanon ajinmu muka koma karatu a baranda. An kaɗa ƙararrawar tara, yara suka watse wajen masu awara da ɗanwake, mu kuwa 'yan matan da fim ya shiga jininmu muka nufi gindin malainar da ke bayan ofishin hedimasta, inda saiwoyi suka fito waje suka zama mana kujeru. A ranar na zo da shirina. Ranar Asabar an kawo wuta da rana, na tsaya a tagar maƙwabtanmu na kalli wani fim ɗin Indiya tun daga rubutun farko har na ƙarshe, na wuni Lahadi ina juya shi a kaina. Da aka ce wa za ta fara, na riga kowa ɗaga hannu. Na fara lafiya lau. Na taso da akta daga ƙauyensu, na sauke shi a tashar birni, na sa ɓarayi suka fizge masa akwati. Sai na zo daidai inda bos, mugun fim ɗin, zai fito. Leɓɓana suka haɗu a kan kalmar suka ƙi rabuwa. Na matsa, na runtse ido, na buga ƙafa a ƙasa, ba abin da yake fita sai "b-b-b". Ina cikin wannan kokawa na ji muryar Talatu, wata 'yar majalisarmu, a gefena, hankalinta kwance, ta ce, "Na karɓa." Kawuna duka suka juya wajenta. Kafin numfashina ya dawo har bos ya sauko daga mota, ya murza gashin baki, ya sharara wa direbansa mari.

Ina da in-ina tun tasowata, kuma har yau da nake da 'ya'ya ba mu rabu ba. Abin haushinta shi ne ba ta da alƙawari. Idan muna rera karatu tare a Islamiyya ba ka jin ɗuriyarta, idan ina waƙa ina wanke-wanke sai ka rantse ba ni ba ce. Amma da zarar magana ta cika mini ciki ina ɗokin fitar da ita, nan take za ta zo ta tsaya mini a maƙogwaro. A gida an gwada abin da aka sani. An karɓo mini rubutu na sha, an ce in riƙa shan ruwa kafin in yi magana, wata tsohuwa ma ta ce zai wuce da kansa idan na fara girma. Baba yana fita tun da duku-duku zuwa rumfarsa ta atamfa a kasuwar Gudu, sai bayan magariba yake dawowa a gajiye, idan na tsaya yi masa sannu da zuwa na maƙale sai ya shafa kaina ya ce, "Na ji, Hajara, Allah ya yi albarka." Umma kuwa saboda tausayi ba ta taɓa barina in wahala ba, ina fara kalma za ta ƙarasa mini. In na ce "ts-ts" za ta ce tsintsiya, ta miƙo mini, alhali ni tsamiya nake nufi. Wallahi tsokanar yayyena ta fi mini sauƙi a kan wannan tausayin, don mai tsokana aƙalla yana jira ka gama kafin ya kwaikwaye ka.

Sai wanda ya tashi a unguwa irin tamu a wancan lokaci zai gane abin da gindin malaina yake nufi a wurinmu. Gidajen da suke da bidiyo ba su da yawa, wuta kuma sai ta ga dama. Kaset ɗaya zai zagaya layi guda a naɗe cikin mayafi, daga gidan tela zuwa gidan mai kanti zuwa gidan ɗan sanda, wasu su kalla a kan kujera, wasu a ƙasa, wasu ta taga, wasu kuma an aike su ɗebo ruwa a bohol sun dawo sun tarar an ɗauke wuta. Saboda haka kusan kowa rabin fim yake gani, sauran rabin sai a bakin wata. Finafinan Indiya kuma a lokacin ba a fassara su, babu mai jin yaren a cikinmu, ido ne kawai da hasashe. Mu ne muke raɗa wa 'yan wasan suna, wannan Mai Dogon Hanci, wancan Ɗan Kuka, waccan Mai Jan Sari, kuma duk makarantar an san wanda ake nufi. Akwai 'yan fim ɗin Indiya, akwai 'yan fim ɗin Hausa, akwai wasu 'yan tsiraru da suka bi yayyensu maza suna son faɗan 'yan Cana, kullum ana musu a kan wanne ya fi. A cikinmu akwai Hausawa, da 'yan Gbagyi, da wata Bayarabiya, da 'ya'yan Ibo biyu da Hausarsu ta fi ta wasunmu gogewa, duk da Hausa ake yin komai, sai ɗan Turancin da ake yayyafawa.

Majalisar tana da doka biyu, ba wanda ya san wadda ta kafa su, mun dai tarar da su. Ta farko, ba a ba da labarin fim ɗin da ba a gani da ido ba, wadda aka kama tana sayar da labarin da ta ji a bakin wani ta sha ihu. Ta biyu, lokacin tara gajere ne, don haka idan mai labari ta tsaya kame-kame, duk wadda ta ga fim ɗin tana da ikon cewa "Na karɓa," ta ɗora daga nan, kuma ba a jayayya. An yi dokar ne saboda masu mantuwa, ba don ni ba. Amma a kaina ta fi sauka. Ni ba na manta komai, ina iya gaya miki launin ɗankunnen uwar akta da yawan tukwanen da aka fasa a kasuwa lokacin faɗa, sai dai ban taɓa wuce tsakiyar labari ba tare da an karɓe shi daga bakina ba.

Kuma kusan kullum Talatu ce take karɓa. Babanta mai gyaran rediyo da bidiyo ne a bakin titin Karshi, duk na'urar da aka kawo gyara sai an gwada ta da kaset, ita kuma tana zaune a kan benci da sunan kai masa abinci. Babu fim ɗin da ya shigo Jikwoyi bai bi ta gaban idonta ba. Ba zan yi mata sharri ba, Allah ya ba ta baki. Tana yin muryar bos har ki ji tsikar jikinki ta tashi, ta juya ta yi kukan uwar akta da hawaye na gaske, ta miƙe ta kama reshe ta yi rawar da ake yi a cikin furanni tana rera wata waƙa da yaren da ita kaɗai ta ƙirƙira. Idan tana labari har mai sayar da yalo takan matso da farantinta. Ni ma ina son sauraronta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. A wannan Litinin ɗin ban yi kuka a gabansu ba, sai da na koma gida na shiga bayan ɗaki wajen akurkin kaji na yi mai isata. Da na share fuska na yi wa kaina alƙawari cewa kafin in bar makarantar nan sai na ba da fim ɗaya a gindin malaina tun daga farko har ƙarshe, da bakina, ko da za a kwana ana jirana.

Na daɗe ina tunanin hanya. Na gwada yin sauri don in wuce kalmar kafin ta kama ni, abin ya ƙara lalacewa. Na gwada canza kalma, idan bos ya ƙi fita in ce mugun, amma Talatu tana jin na ɗan yi jinkiri ta shige. Wata rana ina tankaɗen garin tuwo dabara ta faɗo mini, har na saki rariyar. Dokar ta ce wadda ta gani ce take karɓa. To idan na kawo fim ɗin da babu wadda ta gani fa? Ko zan shekara a kan kalma ɗaya dole su zauna. Matsalar ita ce samun fim ɗin da ya kuɓuce wa shagon baban Talatu, wannan kuwa a Jikwoyi ba ya yiwuwa.

Da dogon hutu ya zo aka tura ni Kuje wajen Goggo Rabi, ƙanwar Baba, don in taya ta aiki saboda ta haihu. Mijinta ganduroba ne, aiki ya yawata da shi garuruwa da dama kafin a dawo da shi nan, kuma duk inda ya zauna sai ya tsinto kaset. Suna nan cike da wani tsohon kwalin taliya a ƙarƙashin gado. Yawancinsu na san su, ko na gani ko na ji a bakin Talatu. Can ƙasa na ci karo da wani da ba shi da kwali, takardar sunan ma kyankyasai sun cinye ta. 'Ya'yan Goggo suka ce kada in ɓata lokacina, wannan ba daɗi, waƙa kaɗan ce, faɗa babu, hoton kuma sai rawa yake yi. Jin haka na ƙanƙame shi. Sai da na yi wa babbar 'yarta wankin kayan makaranta, na karɓi surfen da yake rabonta, kafin ta yarda a sa mini shi ranar da aka kawo wuta. Daga nan kullum haka muke yi. Ina jin firji ya yi ƙara zan ajiye wankin tsummokaran jariri in ruga, in an ɗauke wuta a tsakiya in haƙura, gobe in sake daga farko.

Labarin wata yarinya ne a wani ƙauye da ruwa ya ƙafe. Babanta ya fara haƙa rijiya a bayan gidansu da ke kan tudu, ƙasa ta rufto masa ya karye, ya kwanta. Ba su da komai sai wani farin sa mai karyayyen ƙaho. Bos shi ne mai rijiya ɗaya tilo a garin, yana zaune a kan gadon igiya yana zuƙar taba, wanda ya ga dama shi yake bari ya ɗiba. Akta kuwa wani kyakkyawan saurayi ne mai son yarinyar, suka yi waƙa ɗaya a kan tudu, sannan ya nuna mata hoton injin haƙa a jarida, ya dafa ƙirji, ya hau motar birni don ya kawo shi. Ranar farko da na kalla na gyara zama ina jiran ya dawo, don duk fim ɗin da na sani haka yake. Na jira, na jira, har rubutun ƙarshe ya hau. Na ɗauka kaset ɗin ne ya yanke, na sa yatsa na juya zaren ina neman inda aka liƙe, babu. Sai a kallo na uku na yarda cewa haka aka yi fim ɗin, mutumin nan ya tafi ke nan. Na rasa dalilin da ya sa abin ya kama ni haka, amma na san na samu abin da na zo nema.

Na dawo Jikwoyi saura kwanaki a koma makaranta, lokacin an fara cire gyaɗa. Gidan da muke haya na wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, Mama Kande, wadda gonakinta ne aka yanka aka yi rabin unguwar. Har a lokacin tana zuwa gona, ta dawo da ƙwarya cike da doya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Da yamma takan baje gyaɗa a tabarma a gindin gwandarta, mu yaran gida mu taya ta ɓara. Ita na zaɓa in gwada labarina a kanta. Ba ta taɓa zama ta kalli fim ba, ta ce hayaniyarsa tana sa mata ciwon kai, amma tana da wani hali da ban samu a wurin kowa ba: ba ta ƙarasa wa mutum magana. Ita ma Hausar a hankali take jan ta, tana haɗa mace da namiji yadda ta ga dama. Ranar farko da na maƙale na ɗago ina jiran ta taimaka, sai na ga ko kallona ba ta yi, hannunta yana ta aiki. Da ta ji shirun ya yi yawa ta ce, "Kai ka faɗa abinka, yarinya. Gyaɗa yana da yawa."

Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar. A wurinta na gano cewa idan na ɗan saki numfashi kafin kalma mai wuya, ina buga yatsa a gwiwa, takan fito ko da a ja ne. Na kuma gano cewa idan ta ƙi, ta ƙi, ba abin da zan yi sai in tsaya a kanta har ta gaji. Mama Kande kuwa ta ɗauki fim ɗin kamar rigimar maƙwabta. Ta ce uban yarinyar bai san ƙasa ba, wa yake haƙa rijiya a kan tudu, ai sai a duba inda ciyawa take ɗanya da rani. Ta ce a sayar da san nan a huta. Da na kai inda akta ya hau mota, ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce tun da ta ji yana dafa ƙirji ta san ba mutumin kirki ba ce. Umma tana jin mu daga madafa tana dariya, tana cewa an haɗu, mai in-ina da mai jan magana, yau tuwo sai ya huce.

Aka koma makaranta, muka shiga aji biyar, an ma gyara mana rufi. Makon farko ban ce komai ba, na bar masu ɗokin hutu suka zazzage nasu. Ranar Larabar mako na biyu, da aka zauna aka fara kallon-kallo, na ce ina da fim. Wata ta yi 'yar dariya, wata ta ce wa Talatu ta shirya. Suka tambayi sunansa na ce ba shi da suna. Na zauna a kan saiwa, na ɗora hannu a gwiwa, na fara da ƙauyen da ya bushe da mata a layi da tuluna. Na maƙale a kan rijiya, na tsaya, ta fito. Na maƙale a kan karaya, ta fito. Kowane tsayawa sai in ga idanu sun koma kan Talatu, ita kuma ta haɗe gira tana lalube a kanta. Wani daɗi yana ratsa ni, don ban taɓa yin nisa haka ba. Na wuce bos da gadonsa na igiya, na wuce waƙar kan tudu, na kawo akta tasha, na sa ya dafa ƙirji, ya sa ƙafa a mota. A nan ta kama ni, kamu na gaske. Haƙorana suka datse, wuyana ya ƙage, na buga gwiwa har ta yi zafi.

"Au, ai na tuna shi," in ji Talatu. "Na karɓa."

Har yau ban yarda ƙarya ta shirya ba. Yarinyar da ta ga finafinai fiye da kowa, duk sun cakuɗe mata, ta ji an ce saurayi ya tafi birni ya bar budurwa da mugun mai kuɗi, sai ta ga hanya a shimfiɗe. Ta miƙe tsaye. Kafin ka ce me, akta ya yi arziki a birni, ya dawo cikin jar mota da baƙin tabarau, ya tarar bos ya ɗaure uban yarinya a jikin bishiya. Aka fara faɗa, tana yin ƙarar naushi da baki, yara suna gyaɗa kai suna murmushi, don abin da suke jira ke nan. Ni kuwa ina zaune, kalmar da ta maƙale ta sake ni ba amfani. Na tuna wankin da na yi a Kuje da surfen da ya fasa mini hannu. Wata zuciyar ta ce in bar shi, ai nata ya fi daɗi, kuma wa zai yarda da ni. Sai na ji wani irin fushi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Wannan ba fim ɗina ba ne take bayarwa, kuma yarinyar nan mai farin sa ana shirin yi mata abin da ake yi mini. Na miƙe na shiga gaban Talatu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a kan harafin farko ba, na dai san yawu ya fito, na ga wata ta rufe baki tana dariya, ban fasa ba.

"B-b-b-bai dawo ba."

Wurin ya kaure. Wannan ta ce akta ne fa, waccan ta ce ba a taɓa yi ba, Bayarabiyar nan ta ce ko dai ya mutu ne a hanya ƙaninsa mai kama da shi ya zo. Talatu ta riƙe ƙugu ta ce kaset ɗinmu ne ya yanke. Na girgiza kai. Ana cikin haka wata 'yar aji uku da take raɓe a bayanmu ta ce, "To in bai dawo ba, wa ya haƙa rijiyar?" Kowa ya juya wajen Talatu, kamar yadda aka saba. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kalli sama, ta kalli ƙasa. A hankali ta koma ta zauna a kan saiwa, kawunan nan suka juyo wajena ɗaya bayan ɗaya.

Ban koma na zauna ba, a tsaye na ƙarasa. Na gaya musu yadda yarinyar ta yi ta zuwa tasha har ta daina. Yadda wata safiya ta ɗaure zaninta, ta ɗauki digar babanta, ta ɗaura igiya a wuyan sa, ta sauka ramin da kanta, tana cika guga da ƙasa san yana ja. Yadda matan gari suke tsayawa a baki suna yi mata dariya, bos ya aiko a gaya mata ta zo ta roƙe shi ya ba ta ruwa kyauta, ta ƙi. Ina maƙalewa, ina tsayawa, ina ci gaba, ba wadda ta motsa. Wata ta so ta taimake ni da kalma, Talatu ta daka mata tsawa ta ce, "Ki bar ta. Ke kin gani ne?" Ina daidai inda san ya faɗi don yunwa aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Muna jin ƙafafun yara suna gudu, filin ya zama wayam. Na tsaya ina kallonsu, na san hukuncin wadda ta makara. Babu wadda ta tashi. Na ci gaba, na sa matan da suke dariya suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kama igiyar a madadin san. Na sa yarinyar a can ƙasa cikin duhu ta kai diga, ta ji ƙasar ta canza ƙara, ta durƙusa ta damƙo ta, ta ji sanyi. Ta sa dunƙulen laka a guga aka ja sama, aka kai wa babanta a kan gado, ya shafa a fuska. Shi ke nan fim ɗin. Na ce musu a nan rubutu ya hau, kuma wannan jimlar ta fita sumul.

Malamin da yake duti ya riga ya iso bayanmu da bulalarsa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya jera mu a rana, kowa ta miƙa hannu. Talatu ce a gabana. Da ta karɓi nata ta matsa gefe tana yarfe hannu, hawaye a idonta, ta juyo ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Hajara, don Allah, ko saƙo bai aiko ba?" Na ce ko ɗaya. Ta ce, "Amma dai Allah ya isa." Na miƙa nawa hannun ina dariya, malam ya ɗauka raini ne ya ƙara mini ɗaya.

Mun fi wata muna musu a kan fim ɗin nan da ni kaɗai na gani. Wasu suka ce akta mayaudari ne, wasu suka ce birni ne ya cinye shi kamar yadda yake cinye yayyenmu, wata ta dage cewa akwai kashi na biyu da ban samu ba. Kowace gardama a wurina ake zuwa a raba ta. In-inata ba ta warke ba, dokar ma ba a soke ta ba, an ci gaba da karɓe mini labarin finafinan da kowa ya gani, wani lokaci har in ji haushi kamar da. Amma daga ranar idan na dawo daga Kuje sai a matsa mini wuri a kan babbar saiwa, Talatu da kanta take tambaya ko kwalin mijin Goggo ya ƙare.

Yanzu a Gudu nake zaune, ba nisa da inda rumfar Baba take a da. An sare malainar an yi ajujuwa a wurin, Talatu kuma aure ya kai ta Lafiya, sai a biki muke haɗuwa. Fim ya zama ruwan dare, an fassara na Indiya da Hausa tsaf, 'ya'yana kowa da abin da yake kallo a waya, kunne a toshe, ba mai buƙatar wani ya ba shi labari. Ina cikin wani zauren hira na masoya fim a waya, mu da yawa, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. A can ba wanda ya san ina da in-ina, yatsa ba ya maƙalewa, ina rubuta ra'ayina mai tsawo a kan duk fim ɗin da na so, ba mai katse ni. Wani ya turo alamar dariya, wani ya ce kada a faɗi ƙarshe bai kalla ba, hira ta wuce wani wajen, ban ma san ko akwai wanda ya karanta har ƙasa ba. Nakan ajiye wayar ina kewar yaran nan. Tun daga kansu ban sake samun waɗanda suka yarda su sha bulala don su ji ƙarshen maganata ba.